Biskit ɗin Baba Akwai

Ƙofar gilashin ta buɗe da kanta, Baba Akwai ya yi tsalle ya koma da baya har takalminsa ɗaya ya fita. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, bai ga wanda ya buɗe masa ba. Duk da haka sai da ya yi sallama kafin ya sa ƙafa, don shi ba a yi masa tarbiyyar faɗa wa wuri haka kawai ba.

Ba ƙaramin shiri ya yi ba kafin ya tsallako titin nan. Ya ari baƙin tabarau na surukinsa, ya ja hula har kan gira, ya naɗe gemu da ƙyalle kamar mai ciwon haƙori, duk don kada a gane shi.

"Baba Akwai, sannu da zuwa," in ji mai gadi. "Yau kai ne a kantin namu?"

"Wucewa nake yi," in ji shi, ya shige ciki.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana da shago a bakin layin, wani ɗan ɗaki da in ka miƙe hannuwa za ka taɓa bango da bango. Sunan ma a nan ya samo shi. Ko me ka tambaya, allura ce, batir ne, maɓallin riga ne, kafin ka rufe baki ya ce "Akwai," ya zura hannu bayansa ya zaro ba tare da ya waiwaya ba. Wata uku da suka wuce aka buɗe wannan ƙaton kanti a tsallaken titi, mai sanyi da fitilu da kwandunan hannu, mutanen layi suka koma can kamar an yi musu kira.

Ba wai sun daina zuwa wurinsa ba ne. Suna zuwa. Mai fita aiki zai rataye makullin gidansa a ƙusar shagon, mai jiran mota zai ari benci, wata ma ba kunya za ta dire masa ledar kantin cike da kaya ta ce, "Baba, ajiye min, zan dawo." Sayayya ce dai babu.

Mai aski, wanda shagonsa ke jingine da nasa, ya daɗe yana so a bar masa wurin ya fasa bango ya ƙara kujera biyu. Yau da safe zuciya ta ɗebi Baba Akwai, ya yi rantsuwa a gaban mai askin da kuma Inna, mai ɗakinsa: in rana ta faɗi ba wanda ya sayi ko tsinke, zai miƙa makulli. Bai gama rufe baki ba mai aski ya ɗauko tef ɗin awo. Shi ne ma ya ce zai duba masa shagon yanzu, saboda zumunci.

Abin da ya kawo shi guda ne, ya ga da idonsa me suke sayarwa da ya fi nasa. Ya bi kanta ɗaya bayan ɗaya yana taɓe baki. Madarar nan yana da ita. Ashanar nan yana da ita. Sabulu an kai shi can ƙurya, biskit kuma can wata ƙuryar, tsakaninsu tafiya ce mai sa ƙishirwa. Ya girgiza kai, yana mamakin wannan asarar wuri. Shi a nasa shagon katan ɗin sabulu ne a ƙasa, na biskit a kansa, sun zauna lafiya tun kafin a haifi manajan kantin nan.

Yana karya kwana wajen biskit ya hango wata mata ta ba shi baya, tana saka fakiti biyu a kwando. Ya san zanen. Shi ya saya.

"Ke."

Inna ta juyo. Ta dube shi daga hula har ƙasa.

"Malam, haƙorin ne ya tashi?"

"Bar zancen haƙori. Mene ne wannan a kwandonki?"

"Biskit ne. Jikokinka za su zo gobe."

"Irinsa nawa ne a shagona? Kamfani ɗaya, kwali ɗaya, har hoton saniyar ɗaya. Yau ɗin nan da na yi rantsuwa, da kin saya a wurina ai da an wuce wurin."

"Ka taɓa karɓar kuɗina a shagon? Mai aski ba zai yarda da wannan ba."

Wannan gaskiya ce, sai ya sauya hanya. "To me nasu ya fi nawa da shi?"

Inna ta ajiye kwandon. Ta duba ko akwai mai jinsu, ta rage murya kamar mai shirin faɗar rasuwa.

"Malam, biskit ɗinka sabulu yake yi."

"Sabulu kamar yaya?"

"Ƙamshinsa, ɗanɗanonsa. In ka tsoma shi a shayi sai ka ji kamar ka sha ruwan wanki. Sukarin ma haka, ganyen shayin ma haka. Alewa ce kawai ta tsira, ita ma don tana cikin kwalba."

"Tun yaushe?"

"Tun ina amarya."

"Shekara talatin, ba wanda ya faɗa min?"

"Wa zai faɗa maka? Kai ne fa mai riƙe wa kowa makullin gida."

Baba Akwai ya cire tabarau, ya kwance ƙyallen. Ya fita, ƙofar ta sake buɗe masa, wannan karon ko kallonta bai yi ba.

Ya tarar da mai aski a kan bencinsa, yana auna bangon ciki, fensir a bayan kunne. Mai askin ya sauko da sauri ya ce yanar gizo-gizo yake cire masa. Baba Akwai bai kula shi ba. Ya farke fakitin biskit guda, ya shinshina, ya gutsura, ya tauna a hankali. Shi dai biskit ya ji. Hancin da ya shekara talatin a ɗakin nan ba abin da zai gaya masa.

"Don Allah ka gaya min gaskiya," ya ce wa mai aski, ya miƙa masa guda.

Mai aski bai ko karɓa ba. "Ni wallahi da na ɗauka haka kamfanin ke yinsa. Sai da na je bikin ƙanwata a wani gari na ci wani, na ce musu nasu ya lalace."

Abin dariya ne, amma Baba Akwai bai yi ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya tuna yaran da ya riƙa miƙa wa biskit kyauta in sun ci jarrabawa, suna karɓa da hannu biyu suna godiya. Ashe duk layin haƙuri ake yi da shi, shi kuwa yana tsammanin gwaninta yake yi.

Ya tuɓe babbar riga, ya shiga fito da sabulu. Katan bakwai ya jera a waje a kan benci, ya goge kanta da tsumma, ya buɗe taga da ta shekara goma ba a taɓa ta ba. Sannan ya zauna yana jira. Wata ta zo karɓar makullinta. Wani ya tambaye shi ko motar kasuwa ta wuce. Inuwar kantin ta tsallako titi, ta hau bencin, ta fara hawa ƙofar shagon. Inna ta dawo ta zauna gefe, ledar kantin a ɓoye cikin mayafi. Mai aski kuwa sai fitowa yake yi yana duba sama, shi da bai taɓa damuwa da rana ba.

Rana ta kusa faɗuwa sai ga manajan kantin ya tsallako, da farar riga da katin aiki rataye a wuya. Ya tsaya nesa kaɗan, ya waiwaya ko ma'aikatansa na kallo, sannan ya rusuna.

"Baba, barka da yamma. Akwai biskit?"

Baba Akwai ya dube shi, ya dubi ƙaton kantin da ke bayansa.

"Ɗana, in tsokana ce, ka bari sai gobe."

"Wallahi ba tsokana ba ce. Iyalina ce, 'yar tela ta ƙarshen layin nan, ka san ta. Tana da juna biyu, wata huɗu. Kwana uku ke nan ba abin da take so sai biskit. Kala shida na kai mata daga kantinmu, ta ce duk kwali ne. Jiya har da kuka. Ta ce ita na shagon Baba Akwai take so, irin wanda take ci tana 'yar makaranta."

Inna ta sa mayafi ta rufe baki. Baba Akwai ya gyara zaman hularsa. Can ya ce, "Akwai."

Ya zura hannu bayansa, can ƙasan katan, inda ya fi daɗewa a kan sabulu, ya zaro fakiti. Manaja ya kai hanci, ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Ta ce zan gane shi da ƙamshi. Ba ni biyar. Baba, a ina kake saro wannan? Mu namu ba ya yin haka."

"Daga nesa ake kawo min," in ji Baba Akwai.

"To don Allah kada ya yanke. Da sauran wata biyar a gabanmu. Yayarta ma ta ce in tambaya mata."

Ya biya, ya cusa ledar a ƙarƙashin riga, ya bi ta bayan layi don kada ya wuce ta gaban kantinsa. Mai aski ya tsaya yana kallon rana, wadda saura ƙiris ta shige, ya naɗe tef ɗinsa a hankali.

"Biyar fa ya saya," in ji Baba Akwai. "Ko in kira shi ya maimaita a gabanka?"

"Na gani," in ji mai aski. Ya cire fensir daga kunne ya koma shagonsa.

Baba Akwai ya miƙe, ya rufe tagar nan ya sa mata sakata. Ya shiga mayar da sabulu ciki, katan bayan katan, yana nishi. Da ya ɗago katan ɗin biskit zai ɗora, sai Inna ta taso ta kama masa gefe guda.

"Ba nan ba, Malam," ta ce. "Ɗora shi a kan jan sabulun. Shi ya fi kamawa."