Jarkar Ruwan Mai Feshi

Shekara goma sha ɗaya mijinta yana feshin maganin ciyawa a gonakin mutane da gefen hanya, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Feshi yake ce masa. Duk shekarun nan ita ce ke cika masa ruwan sha da safe a jarkar da maganin ya ƙare a ciki. Jarkoki ne farare masu ƙwari, murfinsu na ɗaurewa tamau, ba sa yoyo. Takan wanke su sau uku da sabulu, ta shanya su kwana biyu a rana, ta shinshina, sannan ta zuba ruwa. Har maƙwabta ta raba wa, suna ta sa mata albarka.

Da ƙullutu ya fito masa a wuya, aka yi ta zarya asibiti, ƙarshe likita ta ce ciwon daji ne. Matar Mai Feshi ba mai magana ba ce, ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jin tata, amma ranar ta bi likitar har bakin ƙofa ta tambaye ta ko maganin ciyawa ne ya jawo.

"Ba zan iya rantse miki ba," in ji likitar. "Wasu masu bincike sun ce yana iya jawowa, wasu sun ce ba a tabbatar ba. Ai dai ba ya shiga bakinsa ko?"

Ta juya ta koma wurin mijinta. Tun daga ranar abinci ya daina wuce mata. Abu ɗaya take son sani, ko da hannunta ta shayar da mijinta ciwon nan.

A jikin jarkar akwai hatimin hukumar da ke duba irin waɗannan magunguna, da lamba a ƙarƙashinsa. Shi ne Mai Feshi ke nuna wa masu gona da yatsa yana cewa, "Kun ga, gwamnati ta duba." Don haka ta sa jarka ɗaya a leda ta nufi ofishin hukumar. Ta zauna a benci tun hantsi, fanka na juyawa a sama ba iska, mutum uku da suka zo bayanta duk aka shiga da su. Sai bayan azahar aka kira ta.

Jami'in mutum ne mai fara'a, da kofin shayi a gabansa. Ya saurare ta yana gyaɗa kai, ya juya jarkar ya duba lambar.

"Wannan namu ne, Malama, yana da rajista. Ba shi da illa in an bi ƙa'ida."

"Yallaɓai, yana kawo ciwon daji ko ba ya kawowa?"

"Binciken da aka gabatar mana bai nuna haka ba."

"Wa ya gabatar?"

Ya ɗan gyara zama. "Kamfanin da ya yi maganin. Mu kuma masananmu su duba takardun. Haka tsarin yake."

"Mai kaya ne ya ce kayansa na da kyau, ku kuma kuka buga hatimi."

"Ba haka ba ne, akwai matakai." Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya ga sauran ruwa a ciki. "Me kuke zubawa a nan?"

"Ruwan sha."

Ya ajiye jarkar da sauri, ya goge hannunsa da hankici. "Haba Malama. Ai ga shi an rubuta ƙarara, kada a sake amfani da mazubin, a huda shi a binne. In mutane ba sa karatu, laifin wa?"

Ta miƙa hannu, ta tura masa jarkar gabansa.

"Karanta mini."

"Na'am?"

"Wurin da aka rubuta ƙarara. Karanta mini in ji."

Ya ɗauko jarkar, ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta. Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata, a can ƙasa, cikin yaren da ko ita ko mijinta ba su iya ba. Ya matsa kusa da taga. Daga ƙarshe ya ɗauki hoton wurin da wayarsa, ya buɗa shi da yatsu biyu, sannan ya karanta.

"Kai da ka yi makaranta sai da tabarau da taga da waya," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba, amma sakatariyar da ke gefe ta daina buga na'ura. "Hatiminku kuwa daga ƙofar shago ake hango shi. Shi kuka yi wa babban rubutu. Shi mijina yake nuna wa mutane."

"Ki rubuta ƙorafi, za mu duba."

"Ku da kuka duba na farko?"

Ya miƙo mata takarda mai shafi huɗu. Ba ta karɓa ba. Ta ɗauki jarkarta ta fita, ba sallama.

A asibiti ta tarar da Mai Feshi zaune a gado, rigarsa ta yi masa yawa, yana tsokanar maƙwabcin gadonsa. Da ya ga fuskarta ya bar tsokanar. Ta zauna a bakin gadon ta faɗa masa komai, har da abin da ta ɓoye tun ranar da likita ta yi tambaya.

"Wannan ne ya hana ki cin abinci?" ya ce. "Ke dai Sarkin Shiru. To ni da bakina nake hura kan feshin in ya toshe, kullum, shekara goma sha ɗaya. Safar hannu ban taɓa saya ba. Tanki na yoyo a bayana har rigata ta jiƙe. In rabon laifi za a yi, ki bi layi, kina can baya."

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Amma ba ki shayar da ni komai ba sai ruwa. Abin da aka ce mana shi muka yarda da shi."

Ba ta samu amsar da ta je nema ba, kuma ta gane babu wanda zai ba ta. Amma numfashinta ya sauka, fushin kuma bai tafi ba, ya dai daina cin ta.

Da yamma ta ɗauki ƙusa da guduma. Ta fara da jarkoki shida na gidanta, ta huda kowacce a gindi. Sannan ta bi gidajen da ta raba wa. Matar tela ta rungume tata ta ce wallahi ba ta da wata jarkar, me ya yi zafi haka. Matar Mai Feshi, wadda unguwa ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba, ta ce, "Ni na ba ki, ni zan karɓa. Juye ruwan." Matar tela ta dube ta, ta juye. Saura gida huɗu.