Kukan da Vasiti Ta Riƙe

"Ɗaga labulen nan in ga ruwa," in ji Unaisi.

Vasiti ta ajiye kofin shayin da maƙwabciyarta ta ƙi sha tun safe, ta ja labulen. Teku ya fara janyewa. A bakin gaɓa maza sun taru, sun kai goma sha biyu, da gudumomi da dogayen ƙarafa a kafaɗa, suna jiran ruwa ya ƙara sauka.

"Sun fito?"

"Sun fito."

"Har da Waisake?"

"Shi ne ma a gaba. Kin san shi da rawar kai."

Unaisi ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Wata huɗu ke nan da aka dawo da ita daga asibitin birni, likitoci suka ce ta je gida ta huta, kowa kuwa ya gane irin hutun da suke nufi. Shekara talatin ta yi tana nutso a tekuna tana nazarin murjani, dutsen nan mai rai da ke girma a ƙarƙashin ruwa. Mutanen gari suna kiranta Dakta, amma a bayan idonta cewa suke ita ce likitar da ba ta iya allura ba, sai duba duwatsu.

Dutsen da ta fi ƙauna yana nan gaban garinsu, ƙaton murjani da ya kai ɗakin girki girma. Tun tana da ƙarfinta ta huda shi da inji, ta zaro wani dogon farin abu kamar taɓarya, ta toshe ramin da siminti. A jikin abin da ta zaro akwai layi-layi, kowane layi shekara guda, ɗari huɗu da 'yan kai. Ta taɓa ɗora yatsan Vasiti a kan wani layi ta ce ga shekarar babbar ambaliyar da kakanninsu ke ba da labari, ga kuma shekarun da ruwa ya fara zafi. "Kuma da ransa fa," in ji ta a lokacin. "Har yau rubutu yake yi."

Wannan dutsen za a fasa yau. Teku yana cin maƙabartar gari, ya riga ya kwashe layi biyu na kaburbura, jirgin duwatsun da aka yi musu alkawari kuma shiru. Sai sarkin gari, wanda yake wan Unaisi ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya yarda a fasa murjani a yi katanga kafin babban ruwan wata mai zuwa. Daga kan gado Unaisi ta aika masa cewa dutsen nan shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa, in aka cire shi abin zai fi muni. Ba wanda ya saurare ta. Vasiti ma ba ta goyi bayanta ba, domin kabarin da ke gaba yanzu na mijinta ne, Semesa. Jiya ta auna da ƙafarta, taku bakwai ya rage tsakaninsa da ruwa.

Waisake, ƙanin marigayin, ya baro bakin gaɓa ya leƙo ta taga da guduma a hannu.

"Matar Yaya, ki dafa mana rogo da yawa. Yau za mu yi wa mijinki gida mai katanga."

"Ka fara gyara naka. Rufinka yana yoyo tun bara."

"Yaya jikin Dakta?"

"Da sauƙi."

Ya rage murya. "Awa biyu kawai ruwa zai ba mu. Awa biyu, matar Yaya." Ya dubi gadon, ya dube ta, ya tafi.

Ta gane abin da yake nufi sarai. In ɗan gidan sarauta ya rasu, da zarar an ji kukan mutuwa an rufe ruwan da ke gaban gari ke nan. Ba mai kama kifi, ba mai taɓa ko tsakuwa, sai an cika kwana ɗari. Babban ruwa kuwa ba zai jira kwana ɗari ba.

"Na ji shi," in ji Unaisi, idonta a rufe. "Awa biyu yake so in ba shi aro."

"Rabu da shi, Una. Sha shayinki."

"Vasiti." Ta laluba ta kama hannunta. "Ba zan roƙe ki komai ba. Na san wanda ke kwance a can."

Ba ta ƙara magana ba. Numfashinta ya riƙa zuwa yana tsayawa, yana zuwa yana tsayawa, Vasiti tana ƙirgawa a ranta. Can sai ya tsaya, ta jira na gaba, bai zo ba.

Ta shafa mata ido ta rufe. Kukan ya taso mata, ta danne shi da tafin hannu.

Ba kowa a gidan. Mata duk suna bakin gaɓa suna kallon maza. Ta taga tana hango mazan sun shiga ruwa zuwa gwiwa, sun doshi dutsen da kansa ya fara bayyana. Ba abin da ake so ta yi illa ta zauna. In ta yi shiru har ruwa ya dawo, wa zai san lokacin da rai ya fita? Ta tuna Semesa, ta tuna yadda aka tsinci ƙasusuwan wani tsoho a cikin yashi watan jiya aka kwashe su a buhun shinkafa. Tsoro ya kama ta.

Ƙarar guduma ta farko ta ratso ruwa ta shigo ɗakin.

Vasiti ta dubi fuskar Unaisi. Tare suka koyi iyo, tare suka sha bulala a makaranta. Da matar nan ta roƙe ta, da ta sami abin yin gardama da shi. Amma ba ta roƙa ba, ta bar mata komai a hannu ta tafi. Ga ta yanzu zaune a gefen gawarta kamar ɓarauniya, tana hana ta kukan da ake yi wa kowa. Kunya ta rufe ta.

Guduma ta sake sauka. Ta sake.

Ta miƙe ta fita ƙofa, ta saki kukan da dukan ƙarfinta.

Matan bakin gaɓa suka waiwayo, ɗaya ta amsa, sauran suka ɗauka. Ba a jima ba gangar itace ta fara bugawa daga gidan sarki. A cikin ruwa maza suka tsaya cik, sannan ɗaya bayan ɗaya suka sauke ƙarafansu suka juyo.

Waisake ne ya fara isowa, wandonsa yana ɗigar ruwa. Ya cire hularsa a bakin ƙofa.

"Da kin ɗan jira, matar Yaya."

"Na jira," in ji ta. "Har bugu uku na jira. Allah ya yafe mini."

Da la'asar aka kafa doguwar sanda kusa da dutsen, aka ɗaura mata ganyen kwakwa, alamar an rufe ruwa. Vasiti ta bar mata suna shimfiɗa tabarmi a gidan makoki, ta zaga maƙabarta. Ta auna daga bakin ruwa zuwa kabarin Semesa, ta sami taku shida. Ta zauna a gefensa ta fara cire ciyawar da ta tsiro a kai, can nesa kuma ganyen kwakwa yana kaɗawa a bisa ruwan da ke dawowa.