Ranar da Aka Bar Gershon da Meshak

Baba Gershon dattijo ne a ikilisiyar Ungwan Kanya, wani ƙauye da ke gefen hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa. Manomin citta ne tun yana saurayi. Ba ya sha, ba ya cin amana, kuma ba a taɓa riga shi shiga coci ba. Matsalarsa ɗaya ce: ko gaisuwa ka yi masa, sai ya kai ka ƙarshen duniya. In ka ce, "Baba, yaya zafi?" sai ya ce, "Wannan ai somin taɓi ne, jira ka ga tafkin wuta." In fetur ya yi tsada, alama ce. In kaza ta ƙi kwanci, ita ma alama ce.

Shekarar da cuta ta shiga gonakin citta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, Gershon ya yanke hukunci cewa lokaci ya yi. Da damina ta zagayo bai shuka citta ba. 'Yar masara da acca kawai ya yafa, wai na jiran ƙahon ranar ƙarshe. Matarsa Damaris ta nuna masa inda kwanon ɗaki ke yoyo, ya ce wa ke gyaran gida ranar da zai tashi daga cikinsa?

"Baban Dogara," in ji ta, "kafin a busa ƙahon nan, ruwa a kan gadona yake zuba, ba a kan na Shaiɗan ba."

Mutane suna yi masa dariya, amma ba da mugunta ba, domin kowa ya san inda abin ya samo tushe. Ɗansa Dogara yana karatun malanta a kwalejin garin Gidan Waya lokacin da 'yan bindiga suka tare hanya wata yamma, yana kan mashin zai dawo gida, suka kashe shi. Ba a taɓa kama kowa ba. Tun daga nan Gershon ya riƙe magana ɗaya kamar sanda: Yesu zai dawo, zai murƙushe Shaiɗan da dukan aikinsa, matattu za su tashi, babu mugun da zai sake tare hanya. Bai iya jiran abin a hankali kamar sauran masu bi ba. So yake ya faru kafin girbi.

Akwai mutum ɗaya da Gershon ya tabbata za a bari a ƙasa ranar fyaucewa, wato ranar da za a ɗauke masu bi zuwa sama: Meshak, ƙanen Damaris. Meshak mai kiwon zuma ne, yana ɗan taɓa burukutu ranar kasuwa, kuma coci ba ta cika ganinsa ba sai Kirsimeti da jana'iza. Ga kuma wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu, kowa na cewa ta ubansa ce. Shekaru sun shuɗe ba sa gaisawa. In Gershon yana koyarwa a kan tumaki da awaki, wato masu tsira da masu hallaka ranar shari'a, ba ya ambatar suna, amma idan ya zo kan awaki sai ya juya fuska wajen gidan Meshak.

A lokacin, wasu masu haƙa bohol sun kafa injinsu a filin firamare, can ƙetaren rafi bayan tudu. Sun daɗe suna haƙa, ƙura kawai ke fitowa, har mutane suka daina zuwa kallo. Gershon ya ce ai an faɗa, koguna za su ƙafe a kwanakin ƙarshe, ya cire maganar daga ransa.

Wata Asabar da hantsi, yana can gonarsa ta nesa yana cire ciyawa, ruwa ya ɓalle daga ramin ya yi sama kamar itacen giginya. Direban babbar motar ya danna hon don murna, ya ƙi ɗagawa. Duk ƙauyen ya watsar da abin da yake yi ya ruga firamare.

Gershon bai san da wannan ba. Shi dai ya ji wata doguwar ƙara mai kauri ta taso daga gabas, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya saki fartanya. Ya cire hula, ya ɗaga hannuwa sama, ya rufe ido, ya ɗan ɗaga dugadugansa don ya sauƙaƙa wa mala'iku aiki.

Ya jira. Ƙuda ya sauka a hancinsa. Da ya buɗe ido, ga masara, ga fartanya, ga shi.

Ya kama hanyar gida da sauri, yana gaya wa kansa wataƙila ana bin unguwa-unguwa ne. Ya shiga tsakar gida ya tarar da tukunyar pate a kan wuta tana tafasa, muciya a ƙasa. Zanin Damaris yana yashe kusa da turmi. Takalman jikarsa Peculiar suna bakin ƙofa, ɗaya a kife.

"Maman Dogara!"

Shiru, sai kaji.

Ya leƙa gidan maƙwabta, babu kowa, rediyo na ta magana shi kaɗai. Ya wuce ɗakin Kaka Ladi, tsohuwar da ta daɗe ba ta iya taka ƙasa. Tabarmarta na nan, sandarta na nan, ita ba ta nan. Bai san jikokinta sun saka ta a baro sun tura ta kallon ruwa ba. Ya ja ƙafa zuwa coci. Mashin ɗin Fasto yana jingine da mangwaro, makulli a jiki, ƙofa a buɗe, benci duk wayam.

Ya zauna a kan dakali ya dafe kai.

Yana nan sai ya ji takun mutum. Ya ɗaga ido da murna, ya ga Meshak ɗauke da bokitin zuma, yana waige-waige. Shi ma daga daji yake, shi ma ya ji ƙarar, shi ma ya tarar da gidansa babu kowa.

Suka kalli juna. Meshak ya ajiye bokiti a hankali.

"Dattijo," ya ce, "kai ma?"

Gershon ya kawar da kai.

"Ni ban yi mamakin kaina ba," in ji Meshak, ya zauna a ɗaya gefen dakalin. "Tun da na ji ƙahon na ce, Meshak, ka ga abin da burukutu ya ja maka. Amma kai? Kai da ka san lambar dabbar nan ta ƙarshen duniya kamar lambar wayarka?"

"Ka rufa mini baki."

"Har Kaka Ladi ta tafi fa. Ita da take zagin jikokinta tun safe."

"Na ce ka yi shiru!"

Meshak ya sosa ƙeya. Can ya ce, "To yanzu me ke biye? Kai ne malami."

Gershon ya buɗe baki zai fara jero ƙunci da annoba da alamar da za a sa wa mutane a goshi, abin da ya koyar sau ba adadi. Abin da ya fito wani abu ne daban.

"Ba zan gan shi ba ke nan," ya ce. "Dogara ya tashi, uwarsa tana rungume da shi yanzu, ni ina nan." Sai ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar jana'izar.

Meshak ya matso. Shi ne ya je ya ɗauko gawar yaron daga bakin hanya a wancan lokaci, bai taɓa tayar da zancen ba. Ya ɗora hannunsa mai danƙon zuma a kafaɗar surukinsa.

"Ka ji, Baban Dogara. Ni ban san littafi kamarka ba. Amma abin da na ji kana faɗa ta taga shi ne, wanda zai zo ɗin nan shi ne ya mutu saboda masu zunubi. In ya ci Shaiɗan da yaƙi har ya ɗaure shi, ai ba zai manta da tsoho ɗaya a kan dakalin cocinsa ba. Mai kiwo ba ya kulle garke bai duba baya ba. Ko awaki ne ma."

Gershon ya share hanci da hularsa. "Kana saurare ta taga?"

"Muryarka ai har bakin rafi take kaiwa. Ko ban so ba."

Suka zauna. Daga nesa ƙaurin pate ya fara tasowa, babu wanda ya kula.

"Ɗorawar nan," in ji Gershon, "ka riƙe ta."

Meshak ya yi tsaki. "Yanzu? Da babu ko mace ɗaya da ta rage da za ta dafa daddawa? Ka riƙe abinka, na gode."

"Na ce na ba ka!"

"Ni kuma na ce ba na so!"

Suna cikin gardamar wa zai bar wa wani, sai suka ji murya daga kan hanya: "Nono! Ga nono!" Nene ce, matar Hammawa makiyayi, da ƙwaryarta a ka, zaninta a jiƙe sharkaf har gwiwa.

Gershon ya miƙe. "Nene, ke ma an bar ki?"

"An bar ni ina, Baba?"

"Ba ki ji ƙaho ba? Mutane duk sun tafi."

"Sun tafi mana. Suna makaranta. Ruwa ya fito! Mai mota ya busa har shanunmu suka firgita. Mama Damaris tana gaba-gaba da Zumuntar Matan coci suna rawa, Fasto ya jiƙe kamar kaza." Ta duba idanun tsohon da suka yi ja, ta duba Meshak. "Lafiya? Rasuwa aka yi?"

Meshak ya kwanta a kan dakali yana dariya har yana tari. Gershon ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

"Meshak," ya ce, "maganar nan ta tsaya a nan."

"Ni ba zan faɗa ba," in ji Meshak. "Amma Nene gida-gida take bi."

Kafin rana ta karkata, babu wanda bai ji ba. Damaris ta dawo da bokitin ruwa a ka, ta tarar da patenta ya zama gawayi, mijinta kuma yana zaune da ƙanenta a inuwa suna lasar zuma a faranti ɗaya. Ta sauke bokitin ta tsaya tana kallonsu.

"To," ta ce, "lallai ƙarshen duniya ya zo."

Ta ɗaga tukunyar ta nuna wa Gershon gindinta. "Ka shigo ka ga abinci a wuta, ba ka iya saukewa ba?"

"Na ɗauka kin tafi sama."

"Ko na tafi sama, kai da aka bari ba za ka ci abinci ba?"

Da Meshak ya tafi, ta zauna kusa da shi tana kankare tukunya. Ya gaya mata abin da ya sa shi kuka. Ta ajiye tukunyar.

"Ni ma ina jira," ta ce. "Kullum. Kana tsammani kai kaɗai ka haife shi? Na san ranar tana zuwa, na san waɗanda suka tare hanyar nan za su tsaya a gaban wanda ba a ba shi cin hanci. An riga an gama yaƙi da Shaiɗan, Baban Dogara, saura sanarwa. Shi ya sa nake iya yin barci. Amma ba a ce mu zauna muna kallon sama da baki buɗe ba. Ga Peculiar tana girma, ga gona."

"In na shuka citta, ya zo kafin ta nuna fa?"

"Sai ya same ka da fartanya a hannu. Akwai kunya a ciki?"

Ranar Lahadi Fasto ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ya yi wa'azi a kan cewa babu wanda ya san rana ko sa'a, bai kalli bencin dattawa ba ko sau ɗaya. Amma da mai busa ƙahon mawaƙa ya ɗaga ƙahonsa, sai wata mata a baya ta ce, "A riƙe Baba!" Coci ta ɗauka da dariya. Gershon ya yi kamar bai ji ba, sai dai kafaɗunsa suna rawa. Da aka ba shi addu'ar rufewa, ya roƙi Ubangiji ya zo da sauri kamar yadda ya saba, sannan ya ƙara da cewa, in ya zo, ya duba da kyau, kada ya bar kowa a Ungwan Kanya, har da masu saurare ta taga da masu kawo nono.

Sunan da matasa suka laƙa wa tsofaffin biyu shi ne 'Yan Saura, kuma ya bi su. Da bazara ta kusa ƙarewa aka gan su a kan mashin ɗaya za su kasuwar Kafanchan neman irin citta mai lafiya, Meshak na tuƙi, Gershon a baya ya riƙe hula. Wanda ya wuce su a hanya ya ce gardama suke yi da ƙarfi. Meshak yana so ya san irin sarƙar da za a ɗaure Shaiɗan da ita, domin shi ya taɓa ɗaure bunsuru da sarƙa ya tsinke. Gershon yana ce masa ya bar Shaiɗan da mai ɗaure shi, ya kalli gabansa, ga rami.