Sunayen da Dorcas Ta Kwafe

Shekara tara Dorcas Whitlow tana riƙe da ƙungiyar matan garin, ba wadda ke buɗe baki a taro sai ta dubi fuskarta tukuna. A nan New Zealand aka haife ta, mijinta ke da kantin yadi, keken dokinta kuwa ko daga nesa an san ƙararsa. Sai ga Thirza Pennock ta sauko daga jirgin Ingila da akwati ɗaya da miji mai tari. A masaƙa ta yi aiki can, ga murya kamar ta mai tallan kifi. Shekara biyu kacal, duk inda ka juya sai ka ji Thirza ta ce, Thirza ta yi.

A hunturun 1893 aka raba takardun koke, duk macen da ke son a ba mata damar jefa ƙuri'a ta sa hannu, a aika majalisa a Wellington. Dorcas ta bi ƙofar gaba, ta sha shayi a falo, ta cika takarda biyu. Thirza ta zura takalmin mijinta ta bi ta bayan gidaje, wajen masu wanki, masu tatsar shanu, masu dafa wa masu askin tumaki abinci, har da matar mai gidan giya. Ta dawo da takarda tara.

"Misis Whitlow, kin ga aiki ko?" in ji matar fasto a gaban kowa.

"Na gani," in ji Dorcas.

Aikin Dorcas ne ta manne takardun ta ba mai wasiƙa ranar Alhamis. Ran Litinin ta baje na Thirza a tebur. Maiƙo, laka, ɗigon tawada, rubutu kamar tonon kaji. A ƙasan kowace ga sunan wadda ta tara: Thirza Pennock. Sau tara. Ta daɗe tana kallon sunan nan, sannan ta gaya wa kanta cewa wannan ƙazanta ba za ta je gaban manya da sunan garinsu ba. Ta ɗauko sababbin takardu ta kwafe sunayen tas da rubutunta mai kyau. Tunda ita ta rubuta, ta sa nata sunan a ƙasa. Tsoffin kuwa ta tura su murhu.

Washegari Thirza ta leƙo kicin ɗin, gefen siket duk taɓo.

"Ina nawa?"

"Ga su. Na gyara miki su."

Thirza ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga ta biyu. Ba ta zauna ba.

"Hannu ɗaya ne duka."

"Aƙalla yana karantuwa."

"Ke da kika yi makaranta, Misis Whitlow. Dole kowace ta sa da hannunta. Kin san me 'yan majalisa za su ce? Mace ɗaya ta zauna kusa da tukunya ta haifi mata ɗari biyu da alƙalami. Su ɗaga a zaure, su yi dariya, su ce ga masu neman ƙuri'ar. Kuma sunan wa ke ƙasa?"

Dorcas ta duba. Nata ne, ta ma ja masa layi.

"Tsoffin fa?"

Dorcas ta kalli murhu.

"Mako uku na yi a ƙafa," in ji Thirza a hankali. "Tsohuwa Misis Orrock kwana biyu ta yi tana koyon rubuta sunanta don wannan takardar."

"Za ki faɗa a taro?"

"Ina na ga lokacin taro? Jibi mai wasiƙa zai wuce. Tashi ki ɗaura doki."

Gonar farko, a rumfar wanki suka sami matar gidan, hannu cikin kumfa.

"Ke kuma, 'yar Ingila? Ba na sa miki ba?" Ta leƙa bayan Thirza. "Au, Misis Whitlow, ashe kin san hanyar bayan gida."

"Takardun ne suka lalace a hannuna," in ji Thirza. "Misis Whitlow ta ce ba za ta bari sunanki ya ɓace ba."

Matar ta goge hannu ta sa. Sannan ta kamo yatsun Thirza ta ja ta gindin wuta, tana mita wai za ta kashe kanta da sanyi. Dorcas na tsaye bakin ƙofa riƙe da kwalbar tawada. Shekara goma sha biyar matar nan tana sayen zare a kantinsu, ba ta taɓa kama hannunta ba.

Haka aka yi gida bayan gida, kwana biyu. Wasu sun tafi kasuwa, wata mijinta yana nan ya hana, Misis Orrock kuwa ta kwanta ciwo. Maimakon taran nan, takarda bakwai suka miƙa ranar Alhamis.

Thirza ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har aka ba mata ƙuri'a, har suka yi furfura a ƙungiya ɗaya. Da tona ta ta yi, da an yi faɗa an gama. Shirun nan ne Dorcas ta kasa yafe mata.