Wardin da Ba Ƙaya

Shekara ashirin ina ɗaukar hoton furanni don sha'awa, amma toho ɗaya tak ya gagare ni.

Itacen wardin matata ne. Daga gidan marigayiya mahaifiyarta ta yanko reshen, shekara uku tana masa ban ruwa bai ce uffan ba. Sai da aka kwantar da ita a asibiti ɗan banzan ya fitar da toho. An hana shiga da fure ɗakinsu, don haka kullum da safe nake kai mata hotonsa.

Ranar Litinin ta ce, "Baban yara, jibi za su shiga da ni tiyata. Ina so in ga ya buɗe."

Na ce an gama. Likita kuwa ya riga ya ja ni gefe, abin da ya faɗa min bai bar ni da ƙwarin gwiwa ba.

Laraba da sassafe tohon na nan a dunƙule kamar hannun jariri. Na tsugunna ina roƙonsa, wallahi har da hawaye. Da na rasa abin yi, sai na yi masa dabarar da muke wa yankakken fure kafin hoto: na hura masa iska, na sa yatsa ina buɗe shi a hankali. Na manta wannan bai nuna ba. Ya wargaje a hannuna.

Da gudu na je shagon furanni na sayo jan wardi buɗaɗɗe mai kama da shi. Na cusa hannu cikin itacen na ɗaure shi da koren zare, na fesa masa ruwa. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na same ta an riga an sa mata rigar tiyata. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ina ƙayarsa?" ta tambaya.

Masu shago suna kankare ƙaya. Na sani sarai, na manta.

Ta kamo hannuna ta juya shi, duk ya sha yakushi, jini bai ma bushe ba.

"To, ga aikin ƙayar nawa nan," ta ce. "Ka ci gaba da ba shi ruwa, ko ban fito ba."

Ma'aikaciyar jinya ta tura gadon.