Daƙiƙa Casa'in

A cikin 'ya'yana shida, Auta ce ta ce aikin jirgin sama za ta yi. Ban hana ba, ban kuma ce madalla ba. Ni kafinta ne, shekara arba'in da ɗoriya ina aikin katako. Abin da na sani game da jirgi shi ne yana wucewa ta saman shagona ya hana ni jin mai ciniki.

Na ɗauka aikin raba shayi ne, haka kuma na gaya wa uwarta.

"Shayin da ba ta iya haɗawa a ƙasa ba, shi za ta je ta raba a sama?"

"Kai dai Malam, ba a burge ka," in ji ta.

Horon na wata uku ne. Ranar farko aka jera su a jikin bango, kowacce ta miƙa hannu ta taɓo wani jan layi. Wadda ba ta kai ba ta koma gida, don ba za ta iya rufe ma'ajiyar kaya ta saman kujeru ba. Auta ta kai, tsawona ta ɗauko. Daga baya aka jefa su cikin ruwa da tufafinsu, ta yi iyo ta jawo wata har bakin kwalekwalen roba. Aka sa mata hular kariya daga hayaƙi ta shiga ɗaki mai duhu ta kashe wuta. A gida ta riƙa danna filo da hannu biyu tana ƙirga, wai haka ake yi wa ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Yayanta mai gyaran fanka ya sha ɗaurin bandeji har ya fara ɓuya in ya ji sallamarta.

Duk wannan ina ji ina gani daga kujerata. Na daina maganar shayi.

A mako na goma ta dawo ta shige ɗaki, ba ta taɓa abinci ba. Uwarta ce ta fito ta same ni.

"Ta faɗi jarrabawar fitar da fasinja. Karo na biyu ke nan. Saura ɗaya, ranar Alhamis. In ta sake faɗuwa sun sallame ta."

"Me ta kasa?"

"Wai ba ta da murya."

Washegari na rufe shago na tafi makarantar.

Wani ƙaton zaure ne mai rufin kwano. A tsakiyarsa akwai rabin jirgi, ba kai ba fuka-fuki, an ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, tsayinsa ya kai bene. Aka nuna mini malamar horon. Gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, da usur da agogo rataye a wuyanta. Ɗalibai Agogo suke ce mata, amma a bayan idonta.

"Baba, ku zauna."

"A tsaye na zo. 'Yata ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba."

"A takarda ba ta faɗi ba, ita ce ta biyu a ajin. Ku zo ku gani."

Muka hau matakala. Ciki kujeru ne a jere, da siririyar hanya a tsakiya wadda mutum biyu ba za su gifta juna ba sai ɗaya ya karkace. Ta dafa ƙofar jirgin. Ni ma na taɓa ƙofar. Na rataya ƙofofi da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin mai kaurin wannan ba.

"In jirgi ya sauka da wuta a jikinsa," in ji ta, "daƙiƙa casa'in muke da su mu fitar da kowa. A lokacin mutane ba sa cikin hankalinsu. Wani takalminsa yake nema, wata jakarta take ja, wani ya tsaya a ƙofa kamar an dasa shi. Ba a cewa don Allah a nan. Tsawa ake yi, a ture mutum in ta kama. 'Yarku kuwa, da ta ga furfura sai ta sunkuyar da kai ta ce, 'Baba, ko za a taimaka a taso?' Kafin ta gama gaisuwa hayaƙi ya gama da mutum talatin."

"Wannan ai tarbiyya ce."

"Ita ce. Ni ma irinta aka ba ni. A gida ado ce. A bakin wannan ƙofa kuwa, ita za ta kashe mutane."

Na ci gaba da duba maƙalar ƙofar.

"Ranar Alhamis muna gayyatar mutanen waje su zauna a matsayin fasinja," in ji ta. "Dattawa muka fi so. In kuna da hali ku zo."

Da yamma na sa aka kwaso benci huɗu daga shago aka jera a tsakar gida. Uwarta ta zauna, yayanta ya zauna, da gwaggonta da ta zo gaisuwa aka riƙe ta. Ni na zauna a gaba da akwatin kayan aikina a kan cinya.

"To. Wuta ta kama. Fitar da mu."

Auta ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Ta dubi yayanta.

"Kwance bel! Bar komai! Taho nan!"

Kajin maƙwabta suka watse. Yayan ya miƙe yana toshe kunne.

"Ni dai kullum a kaina ake samun murya. Ga mai akwati can, gwada shi mana."

Ta juyo wajena. Idonta ya sauka a kan takalmina.

"Baba, a ajiye akwatin."

"Ban ji ba."

"Baba, a ajiye."

"Sauro ma ya fi ki," in ji yayan. "Da ni ne wutar, da na tsaya na saurara don tausayi."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Muka sake, muka kuma sakewa. A karo na biyar raina ya ɓaci, na daka mata tsawa na ce ta buɗe baki ta yi magana kamar mai rai. Ta ƙara sunkuyar da kai, ɗan abin da ya rage na muryar ma ya tafi.

"Malam," in ji uwarta, "shekara ashirin da uku kana cewa a rage murya in kana gida. Kai ka tanƙwara icen tun yana ɗanye. Yanzu ya bushe, kana so ya miƙe cikin kwana huɗu?"

Na ce a mayar da bencin shago.

Kwana ukun da suka rage ban sake tayar da zancen ba. Ina jin ta da safe a bayan gida tana yi wa bango tsawa. Bango ba shi da furfura. Na yi shawara da zuciyata cewa ranar Alhamis zan je, amma ba zan ƙara mata nauyi ba. Da an ce a tashi zan tashi in fice kafin kowa, ta ga dattijo ma yana bin umarninta.

Mun kai mutum arba'in, iyaye da 'yan uwan ɗalibai da wasu ma'aikatan wurin. Aka ce mai ciwon zuciya ko ciwon gwiwa ya koma gefe. Mutum uku suka koma. Agogo ta bi layi tana miƙa wa wasu 'yar takarda a naɗe. Na kusa da ni ya buɗe tasa ya karanta mini: ka ƙi rabuwa da jakarka. Wata an ce ta yi ta ihu, wani an ce ya suma. Ni ta wuce ni, ba ta ba ni komai ba.

Kujerata tana layi na uku daga ƙofar Auta. Ta fito cikin rigar aiki, ta nuna yadda ake ɗaura bel ɗin kujera, da yadda ake jawo abin shaƙar iska a rufe hanci, da rigar da ke hana mutum nutsewa. Ba ta dubi inda nake ba. Ta je ta zauna a 'yar kujerarta ta jikin bango ta ɗaure kanta.

Sai ƙasan jirgin ya fara girgiza. Fitilu suka mutu. Wani farin hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujeru. An gaya mana ba ya cutarwa, amma hanci bai san da wannan ba. Matar da aka ba takardar ihu ta fara aikinta, wasu da ba a ba su ba suka taya ta.

Girgizar ta tsaya. Usur ya busa.

Auta ta leƙa ta 'yar tagar ƙofa, ta murɗa hannun ƙarfen ta tura. Wata doguwar roba ta faɗo waje ta kumbura da ƙara kamar an harba bindiga. A kanta ake zamewa zuwa ƙasa.

"Ku kwance bel. Ku bar komai. Ku taho nan."

Ana jin ta, amma ba sosai ba. Samari huɗu da ke gabana suka yi tsalle suka tafi. Na zo bakin ƙofa kamar yadda na shirya.

Na duba ƙasa.

Na yi aiki a kan rufin bene mai hawa uku. Amma can akwai tsani, akwai katako a ƙarƙashin ƙafa wanda ni na buga masa ƙusa. Nan babu komai sai roba mai motsi da ta gangara cikin hayaƙi. Ƙafafuna suka ƙi. Hannayena suka kama gefen ƙofar dama da hagu, ba da izinina ba. Na toshe hanyar gaba ɗaya. Mutum talatin da wani abu suna bayana suna turo ni, ni kuwa ƙara damƙewa nake yi.

"Baba, a sauka," in ji Auta a hankali.

Na ji ta.

"Baba, don Allah."

Can ƙasa na hango Agogo, kanta a sunkuye tana kallon abin da ke hannunta. Na san lokacin 'yata ne yake tafiya, na kuma san ni nake cinye shi. Sanin bai sa yatsa ɗaya ya saki ba.

Auta ta dubi hannuna da ke kusa da fuskarta. Sannan ta ɗago ta dube ni cikin ido. Ban tuna ranar da ta taɓa yin haka ba.

"Kai! Saki ƙofar nan! Saki, na ce! Yi tsalle!"

Ta doke mini wuyan hannu da gefen tafinta, ta sa ɗaya hannun a ƙuguna ta hankaɗa. Na tafi. Hulata ta bi nata wuri. Kafin in ce wani abu wasu ƙarti biyu sun cafe ni a ƙasa sun tsayar da ni, suna cewa in matsa nesa.

Na matsa. Na tsaya a jikin bango ina kallon sama.

"Tsalle! Tsalle! Na gaba! Hajiya, jefar da jakar nan! Ke nake wa magana! Tsalle!"

Muryar ta cika zauren har kwanon rufi yana amsawa. Mutane suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya kamar buhuna daga mota. Mai jakar da ya zauna kusa da ni ya zo ƙasa hannu wofi, yana murza kafaɗa. Wanda ya suma, ita da wata abokiyar aikinta suka jawo shi suka zuro. Daga nan ta koma ciki da tocila ta bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa bayi, ta yi kira ko akwai saura. Ita ce ta ƙarshe da ta sauko.

Usur ya busa.

"Tamanin da uku," in ji Agogo. Ta rubuta wani abu a takardarta. "Kin wuce. Je ki sha ruwa, gobe ba za ki iya magana ba."

Ɗalibai suka rungume Auta. Agogo ta tako wajena da hulata a hannu tana kaɗe ta.

"Baba, ban ba ku takarda ba, amma kun fi waɗanda na ba iya wasa. Har na ɗauka da gaske ne. In kuna neman aiki ku zo, kowane aji sai mun sa ku a ƙofa."

Mutane suka yi dariya, wasu suka tafa. Na karɓi hulata na sa. Na ce aikina ya ishe ni.

Mun fito tare da Auta zuwa bakin titi, inda ake jiran mota. Tana tafe a bayana kaɗan. Wuyan hannuna ya fara kumbura, na saukar da hannun riga a kansa. Mun daɗe a tsaye. Motoci biyu suka wuce a cike.

"Baba."

"Na'am."

"Hannunka rawa yake yi a jikin ƙofar. Na gani."

Muryarta ta dushe saboda tsawar. Na dubi titi.

"Kin gaya wa malamarku?"

"A'a."

"Uwarki fa?"

"Ba zan gaya mata ba."

"Yayanki kuwa in ya ji, sai na bar masa garin."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna motsi. Ban hana ta ba.

Mota ta uku ta tsaya. Matakinta yana da tsayi, gwiwoyina kuma ba su gama dawowa daidai ba. Auta ta matso ta riƙe ni a gwiwar hannu, a gaban mutane. Na bar ta ta riƙe har na hau.