Muryar Zinnira

...kuma ai ba korar ta aka yi ba. Ba wanda ya ce ta tafi. Ja'afaru ƙanenta cewa kawai ya yi, "Yaya Khairiyya, ki ɗan jira a zaure, bari in gaya wa Inna." A zaure. A gidan ubanta, a Getso, inda aka yanke mata cibiya. Zaure fa... wurin baƙi da masu sallama.

To, tana jira.

Hannunta na hagu yana ɗan zogi inda aka manna auduga. Da safe a Gwarzo ita ta fara miƙa hannu aka ɗebi jini. Taronta ne, taron ba da jini. Fili ya cika, 'yan acaɓa, 'yan makaranta, har matan aure da hijabansu, ana ihu, 'Yar Getso! 'Yar Getso! Ta hau bayan mota ta zuba musu baitoci, baki na gudu, kalma na ture kalma. Ledar jini bayan ledar jini ana jerawa a kular ƙanƙara. Wani dattijo da ya zo tun daga Kabo ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka." 'Yata. Mutumin da bai taɓa ganin ta ba. Wadda ta haife ta kuwa—

Shiru cikin gidan. Kaji ne kawai. Ƙamshin ɗanyen gero daga bayan katanga.

Me ya riƙe Ja'afaru?

Zagi ba baƙonta ba ne. Mace da hip-hop, mace da maganar gwamnati a baki... an ce mata 'yar iska, an ce ta zubar da mutuncin Fulani, an yi huɗuba da ita ba a kama suna ba. Hadi ma, da har an sa rana, ya zo ya tsaya a ƙofarta a Kano yana murza hula. "Hajiyarmu ta ce ko waƙa ko ni." Ta ce ya gaida Hajiya. Ta rufe ƙofa, ta dafa taliya, ta ci a tsaye. Ta yi kuka? Ta yi mana. Amma wannan duk mai wucewa ne.

Zinnira ce ba ta wucewa.

Yayarta. Ciki wata tara, ƙafa duk ta kumbura, amma bakin nan bai mutu ba. Saƙon murya ta turo: "Khairi, kina ina ne? Abin fa ya fara. Ki taho min da tsire, wallahi ko ina naƙuda sai na ci." Sai dariya. Dariyar nan mai shaƙewa a ƙarshe... Ta sayi tsiren kuwa. Yana cinyarta a mota, takarda duk mai.

Yaro ya zo lafiya. Jinin ne ya ƙi tsayawa. Babu jini a asibitin, ko leda ɗaya. Nata bai dace ba, na Ja'afaru bai dace ba. A tafi Kano, a tafi Kano—kan Zinnira a cinyarta, zani ya jiƙe, kujera ta jiƙe, hannun yana sanyi tana murzawa, tana murzawa... Ba su kai ba.

To me za ta yi? Ta zauna ta ce haka Allah ya so, shi ke nan? Allah ne ya hana a ajiye jini? Abu ɗaya ta iya a duniya. Ta rubuta waƙar. Ta sa muryar Zinnira a farko, ita kaɗai, ba kiɗa, har dariyar. Sannan ganga ta faɗo, sannan ita ta shigo da wuta.

Kuma ta yi aiki! Ba ta yi ba? Rediyo, wayoyi, shagunan aski. Manya suka ji kunya, aka kawo firjin jini da sola. Akwai matan da yau suke goyon 'ya'yansu saboda waƙar nan. Ta gan su da idonta. Ɗaya har ta sa wa jaririyarta Zinnira.

Inna kuwa a hanyar gidan suna ta ji waƙar. Shagon mai cajin waya, lasifika a bakin titi... 'yarta da ke kabari tana dariya, samari na kaɗa kai. An ce a nan ta durƙushe. Da Khairiyya ta kira ta, ba faɗa, ba kuka. "Matar aure, mamaciya, kin ɗauki muryarta kin kai kasuwa. Ko tambayata ba ki yi ba, Khairiyya." Tun daga ranar waya sai ta yi ta ringin har ta katse.

Da ta tambaya, da an yarda? Da ba a yarda ba, da ta fasa? ...Da ba ta fasa ba. Ta sani. Inna ma ta sani.

Tsaya.

Mene ne wannan? Ɗakin Inna ne a jikin bangon nan. Ƙaramar waya, irin mai tocila, sauti na karkarwa—

"Khairi, kina ina ne? Abin fa ya fara..."

Waƙar ce. Inna ce ke jin waƙar! Ga tsiren, ga dariyar, yanzu ganga za ta faɗo, yanzu ita za ta shigo, ƙafarta har ta ɗaga da kanta—

Ƙit. An kashe.

Shiru.

"Khairi, kina ina ne?"

Daga farko kuma. Dariyar... ƙit. Daidai wurin. Ba kuskure ko kaɗan, yatsan ya saba. Ashe kullum ne. Ashe shi ya sa Ja'afaru bai dawo ba, yana can bakin ƙofa ya kasa sallama. Ina kuma Inna za ta ji muryar 'yarta in ba a nan ba? Ita Khairiyya ta ba ta. Ita ta ajiye mata. Kuma duk ranar Allah Inna na zuwa har bakin muryarta ita, ta tsaya, ta juya.

Ta jingina kai da bango. Ta tashi ta shiga? Ta ce me? Ita da kalma ba ta taɓa yi mata wuya ba...

"Khairi, kina ina ne?"

Ta gyara zama a zauren, tana jiran dariyar.